Suleja: Garin Kwana Ne Ko Gari Mai Tsayuwa da Ƙafarsa?

Ɗan Kwamba:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadi. Wani abokin aikina ɗan Katsina ya daɗe yana jin ina cika baki da Suleja, ya ce sai ya zo ya gani da idonsa. Na ɗauko shi daga Wuse bayan Azahar. Muna wuce Zuba ya hango Dutsen Zuma ya ce in tsaya. Muka tsaya a gefen titi ya ɗauki hoto uku, manyan motoci na ta watsa mana ƙura. Cunkoson Madalla ya ci mana kusan awa guda. Da muka shiga gari na kai shi ƙofar fada, muka ci waina da miyar taushe a wajen wata baiwar Allah, ya goge hannu ya dube ni ya ce, "To sai ina kuma?" Wallahi na rasa amsa. Kafin Magariba na mayar da shi inda na ɗauko shi.

Shi ne nake tambaya. Garin da dubban mutane ke ficewa daga cikinsa da asuba, su dawo da dare su kwanta, me yake da shi na kansa? Ni a ganina tsakiyar garin nan ta tsufa. A rushe abin da za a rushe, a faɗaɗa tituna, a gina manyan shaguna masu hawa da wurin ajiye motoci irin na Wuse, a sa fitilu. In ba haka ba mun zama ɗakin kwanan Abuja har abada.

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, da ka ce "a rushe" sai da gabana ya faɗi. Kai da kake da albashi a ƙarshen wata kalmar ba ta da nauyi a bakinka. Bari in gama da masu sayayya, zan dawo maka.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, ka yi tambaya mai kyau, amma kafin ka ɗauko katafila bari in gaya maka abin da kake shirin rushewa.

Garin nan shi ne Abuja ta asali. Lokacin jihadi Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa ya yo kudu. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kewaye shi da ganuwa, kuma sunansa garin ya ɗauka. Shi ya sa har gobe sarautar nan Sarkin Zazzau Suleja ake ce mata. Ba a taɓa cin garin da yaƙi ba har zuwan Turawa a 1902.

A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala ta sanar da sabon babban birnin tarayya, kuma a ranar ce aka ƙirƙiri jihar Neja. Kaso mafi girma na ƙasar da aka yanka wa birnin daga Neja ya fito. Aka karɓi ƙasa, aka karɓi suna. Mu kuma aka haɗa sunan Sarki Sulaimanu Barau da "Ja" na Abu Ja aka ce Suleja. Ma'aikatan farko na hukumar gina birnin a nan suka sauka, domin can daji ne, babu ko ɗakin kwana. Unguwar da kuke kira Field Base daga nan ta samo sunanta. Ina saurayi na ga motocinsu suna fita da safe suna dawowa da yamma jajur da ƙura. Ka ga ke nan wannan fita da asuba da dawowa da dare da kake kuka da shi ya girme ka. Da shi aka gina Abujar.

Ɗan Kwamba:
Allah ya ƙara girma Baba. Ban yi musun tarihi ba. Amma tarihin nan a bakinku yake, baƙon da na kawo bai ga ko allo ɗaya da aka rubuta shi a kai ba. Ganuwar ma ina take?

Baba Mai Ritaya:
An gina gidajen haya a kanta. Wannan kam ka kama ni.

Maman Khalifa:
To na dawo. Ɗan Kwamba, ka ce garin ba shi da komai na kansa. Ranar Asabar ka zo kasuwar IBB ka tsaya a bakin ƙofa ka ƙirga lambobin motoci. Matan Kubwa da Gwarimpa da Dutse har da na Maitama masu turo direba, duk nan suke zuwa su yi sayayyar wata. Doya, shinkafa 'yar gida, wake, manja, busasshen kifi, atamfa, kayan ɗaki na amare. Me ya kawo su? Sauƙi. Me ya kawo sauƙin? Kaya na sauka kai tsaye daga ƙauyukan Gwari da kasuwannin Dikko da Lambata, kuma kuɗin hayar rumfata bai kai na shago a Wuse ba ko kusa. Ranar da ka gina mini shago mai gilashi ka ɗora mini hayar Wuse, dole in ɗora a kan mudu. Ranar da mudu na ya yi daidai da na Wuse, wace mahaukaciya ce za ta ƙona mai ta zo Suleja?

Sannan mu 'yan kasuwa mun san yadda ake yi. A ce muku ku tashi na wata shida za a sabunta. Wata shida ya zama shekara uku. In an gama sai ka ga masu kuɗin da ba su taɓa sayar da ko tsinken ashana ba sun saye shagunan, kai mai rumfar asali ka koma ɗan haya a wajensu ko ka koma bakin titi. Su kuma na bakin titin su ne cunkoson da kake kuka da shi.

Ni abin da nake so a kasuwa ba shi da yawa: famfo mai ruwa, bayan gida mai tsafta, hanyar da motar kashe gobara za ta iya shiga, da wurin sauke kaya da ba kan kwalta ba.

Injiniya Bakin Iku:
Hajiya ta faɗi rabin abin da ke bakina. Bari in ƙara ta ɓangaren aikina.

Ciwon Suleja ba a tsakiyar gari ya fara ba, a gefe ya fara. Tun da aka dawo da gwamnati Abuja a Disambar 1991 mutane ke kwararowa, amma babbar ambaliyar ta zo ne tsakanin 2003 da 2007 lokacin da Malam Nasiru El-Rufai yake ministan birnin. Rusau ya tashi unguwanni, a 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin. Duk wanda aka tasa ina ya nufa? Na gabas suka yi Mararaba da Masaka a Nasarawa, na wannan ɓangaren suka yo Madalla, Gauraka, Kwamba, Chaza, Rafin Sanyi, Kwankwashe. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Suleja mutum dubu 216 da 'yan kai. Duk wanda ya tsaya a mahaɗar Madalla da ƙarfe shida na safe ya san an bar wannan lissafin a baya tuntuni.

To waɗannan mutanen da suka zo, fili suka saya a hannun masu gona da dillalai. Mai gona ya yanka gonarsa fuloti-fuloti da igiya, ya bar lungun da babur kawai zai bi, domin duk taku ɗaya da ya bari na hanya asara ce a wajensa. Ba a bar wurin makaranta ba, ba a bar wurin kwata ba, wasu har cikin hanyar ruwa suka yi gini. Garin kuma kan tuddai da kwazazzabai yake. Ruwan sama in ya sauko daga tudu dole ya nemi hanyarsa zuwa rafin Iku, in ya tarar da ɗakinka a hanya ta ciki zai bi. Shi ya sa duk damina sai mun yi jaje.

Ɗan Kwamba, in aka ba ni kuɗin da za a biya diyyar rushe tsakiyar gari, ba zan taɓa gida ɗaya a cikin gari ba. Zan fita gaba da inda gini ya kai yanzu, ta hanyar Minna da ta Kaduna, in shata tituna da magudanai tun kafin mai igiya ya iso. Shata hanya a gona da rushe gida mai mutum goma sha biyu ba kuɗinsu ɗaya ba.

Ɗan Kwamba:
Injiniya, wato mu da muke ciki mu ci gaba da zama a haka ke nan, a je a gyara wa waɗanda ba su zo ba tukuna?

Injiniya Bakin Iku:
A'a. Ku a yi muku kwata da kwalbati, a kwashe shara, a tashi tashoshin da ke kan titi a ba su fili, a mayar da wasu titunan cikin gari masu hannu ɗaya. Wannan ba ya buƙatar katafila. Amma ba ya kyau a hoto, shi ya sa ɗan siyasa ba ya son sa.

Direban Suleja-Berger:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ban yi boko mai zurfi ba amma shekarata 14 a kan hanyar nan. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 fasinja ya canza. Akwai mutanen da na saba ɗauka kullum, yanzu sai Litinin da asuba in kai su, sai Juma'a da yamma in dawo da su. A ofis suke kwana, wasu a masallaci, wasu wajen ɗan'uwa. Mutum ya zo Suleja ne don haya ta yi sauƙi, yanzu kuɗin mota ya cinye sauƙin. To Oga Ɗan Kwamba, kana cewa mun zama ɗakin kwana, ni ina ganin kwanan ma ya fara guduwa.

Jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 yana tsayawa a Kubwa, mu ko tasha ba mu da ita. Duk wannan jama'a hanya ɗaya tak suke bi, ta Madalla zuwa Zuba. Tirela ɗaya ta kife, ranar babu mai zuwa aiki a kan lokaci.

Auta:
Yaya Direba kai da jirgi zai kashe wa kasuwa kai ne kake nema mana shi? 😂

Direban Suleja-Berger:
Auta, in jirgi ya zo ai sai an kai mutane tasha. Cinikin kusa-kusa ya fi mini wannan zaman awa biyu ina ƙona mai a wuri ɗaya.

Malam Akawu:
Na yi shiru ina karantawa, kowa na faɗin abin da za a yi, babu wanda ya ce da wane kuɗi. Bari in taɓo inda yake mini ciwo.

Dokar harajin albashi a Najeriya ta ce jihar da mutum yake ZAUNE ita ke da harajinsa, ba inda ofishinsa yake ba. An ware sojoji da 'yan sanda da wasu kaɗan, nasu na tarayya ne. Amma ma'aikacin banki ko na ma'aikata ko na kamfani da yake kwana a Kwamba, harajin da ake yanka a albashinsa duk wata haƙƙin jihar Neja ne. Yanzu kowa a zauren nan da yake aiki a Abuja ya ɗauko takardar albashinsa ya duba, ko ya tambayi mai biyan albashi a ofishinsu, ina ake tura kuɗin? Ni a wurin da na taɓa aiki, da na duba fayil ɗina sai na ga adireshin ofis aka rubuta a matsayin gidana. Shekara shida ana tura harajina Abuja, alhali 'ya'yana a makarantar Suleja suke, matata a asibitin Suleja ta haihu, sharar gidana a Suleja ake zubarwa. Da na nemi a gyara sai da na yi wata huɗu ina zarya, domin tura kuɗin kowa wuri ɗaya ya fi musu sauƙi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Nasarawa na fama da ita a kan mutanen Mararaba da Karu, Ogun ta daɗe tana fama da ita a kan masu kwana a cikinta suna aiki a Legas.

Maman Khalifa:
Malam Akawu, to in an turo kuɗin Neja, Suleja zai zo ko Minna zai tsaya? Mu fa a kasuwa kullum sai an yanka mana rasit. Ban taɓa ganin rasit ɗin ya dawo ya zama famfo ba.

Malam Akawu:
Hajiya wannan ita ce tambayar, kuma ba ni da amsar da za ta faranta miki. Asusun jiha zai shiga, Minna za ta raba. Abin da kawai zan ce shi ne, wanda aka san adadin abin da yake kawowa yana da bakin magana. Yanzu in wakilanmu suka je suka ce Suleja ce ke ciyar da jiha, sai a ce su kawo takarda. In adireshinmu ya daidaita, takardar na hannunmu. Sannan a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Hukunci daban, aiwatarwa daban, amma aƙalla mun san ƙofar da za mu riƙa ƙwanƙwasawa a kan kwata da shara, don waɗannan aikin ƙaramar hukuma ne.

Hajiya ta Landan:
Sallama gare ku 'yan gida. Sai yanzu na tashi daga aiki na tarar da saƙonni sun taru. Ni maganar baƙon Ɗan Kwamba ce ta taɓa ni, "sai ina kuma?"

A nan Landan akwai babban gidan adana kayan fasaha da ake kira Victoria and Albert. Na shiga da 'ya'yana, muka tarar da tukunyar Ladi Kwali a cikin gilashi, an rubuta Abuja a ƙasanta. Na ce musu wannan Abujar ba ta Aso Rock ba ce, garin kakanku ne. Baturen nan Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garinmu a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Tun kafin nan Sarki Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta a fada, a can ma Baturen ya fara ganin aikinta. Ta zaga Ingila da Amurka tana nuna yadda ake gini da hannu, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Hotonta ne a bayan naira 20.

Ku duba fa: naira 20 Ladi Kwali, tsohuwar naira 100 Dutsen Zuma. Wane gari ne a Najeriya yake da abu biyu a jikin kuɗin ƙasa? Amma da na zo gida na ce wa ɗan adaidaita ya kai ni wurin tukwanen Ladi Kwali, sai ya tambaye ni ko sabon gidan abinci ne. Da na isa, abin da na gani bai yi kama da wurin da sunansa ya kai Landan ba. Na fito jikina a sanyaye.

Da a ce wurin nan na aiki sosai, ana gini ana gashi ana sayarwa, yara 'yan makaranta na zuwa su taɓa yumɓu, ma'aikatan ofisoshin jakadanci da ke zaune a Abuja ba su da wurin zuwa ranar Asabar za su zo da kuɗinsu. Daga nan a kai su fada, a kai su Mayanka su ga ruwa su ji tarihin wurin, a wuce da su magangarar ruwan Gurara. Yini guda ya cika.

Auta:
Anti, Mayanka fa inda ake yanke wa masu laifi hukuncin kisa ne a da. Haka za mu gaya wa baƙi?

Hajiya ta Landan:
Auta, a nan mutane layi suke yi su biya kuɗi su shiga Hasumiyar Landan, inda aka sare kan matan sarki. Tarihi ai ba sai mai daɗi ba.

Ɗan Gbagyi na Gauraka:
Ina gaishe da iyaye da yayye. Na ji daɗin maganar Hajiya, sai dai ina so in ƙara abu ɗaya don kada ya ɓace. Ladi Kwali 'yar Gbagyi ce daga Kwali, kuma ginin tukunyar da ya kai ta Landan a wajen 'yan'uwanta mata ta koya tun tana yarinya, kafin ta san wani Bature. Baba ya fara tarihi daga 1828, amma Makau da Abu Ja sun tarar da Gbagyi da Koro a ƙasar nan. Dutsen Zuma da kuke ɗaukar hoto, kakanninmu a wajensa suke fakewa lokacin yaƙi.

Ba don in tayar da rigima na faɗa ba. Injiniya ya ce mai gona ya yanka gonarsa da igiya, gaskiya ne, kawuna ma ya yi. Amma ku tambaya me ya sa. Mutum yana ganin yadda aka tashi 'yan'uwansa a cikin Abuja, sai ya ce gara in sayar da hannuna in ga kuɗin kafin a zo a karɓa. Yanzu kuɗin ya ƙare, gonar ta zama gidajen haya na wasu, 'ya'yansa suna acaɓa. Doyar da Hajiya Maman Khalifa take sayarwa da sauƙi, kowace shekara daga wuri mai nisa take zuwa saboda gonakin kusa sun zama bulo. In za a shata sababbin unguwanni kamar yadda Injiniya ya ce, a zauna da masu ƙasar tukuna, a kuma bar wani wuri a ce nan noma ne ba gini ba.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana ka yi gaskiya, kuma gyara ya karɓu. Masarautar nan ba ta tsaya ba sai da Gwari da Koro. Wanda ya ce maka ba haka ba bai san garin ba.

Injiniya Bakin Iku:
Na karɓa ni ma. Kuma maganar barin wurin noma ba ƙauyanci ba ne, tsarin gari ne. Fadamar bakin rafi in aka bar ta ga masu lambu, ita ce ke shanye ruwan da yake shiga ɗakunan mutane.

Mai Tayil a Dei-Dei:
Ni ban yarda da zancen yawon buɗe ido ɗin nan ba, ku yi mini uzuri Hajiya. Baƙo nawa za su zo? Dutsen Zuma inuwar giginya ne. 'Yan Abuja ke sa shi a kalanda suna cewa ƙofar birninsu, mutane da yawa ma ba su san a jihar Neja yake ba. Shekara nawa aka yi ana kallon kangon otal a gindinsa? Kuma kada mu manta abin da ya faru a 2011: bom a ofishin zaɓe na Suleja a watan Afrilu, bom a cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimeti, har aka sa ƙaramar hukumar cikin dokar ta-ɓaci. An samu lafiya, alhamdu lillahi, amma Baturen ofishin jakadanci da kike magana sai ofishinsa ya ba shi izini kafin ya fito daga Abuja.

Kuɗin gaske yana cikin gini. Abuja kullum gini take, kuma masu yi mata aikin, birkila, kafinta, mai walda, mai fenti, mai haɗa tagar alminiyam, da yawansu a nan suke kwana. Me zai hana a ware musu fili babba mai wutar lantarki tsayayya, a yi ƙofofi da kujeru da bulo a nan, a loda a kai Abuja? Yanzu mutum zai tashi daga Suleja ya je Dei-Dei ya yi aikin da zai iya yi a bayan gidansa, saboda can ne kasuwar take. Ka ba mai walda wuta ta awa goma sha biyu ka ga ko zai sake hawa mota da asuba.

Hajiya ta Landan:
Alhaji ai ba kishiyoyi ba ne. Mai tukunya ma sana'a take yi, ita ma wutar take so. Kuma ba Bature kaɗai nake nufi ba. Iyalai nawa ne a Kubwa da ba su da inda za su kai yara ranar hutu in ban da shagunan sanyi?

Mai Tayil a Dei-Dei:
To su zo, amma ta wace hanya? Ranar kasuwar Madalla ko ɗan'uwanka ne yake aure sai ka yi tunani biyu.

Direban Suleja-Berger:
Ga kuma tankoki. Daffon mai na Suleja ya sa kullum suna jere a gefen hanyar Maje. Abin da ya faru a mahaɗar Dikko a Janairun 2025 har yau in na bi wurin sai na yi salati. Tanka ta faɗi, mutane suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 80 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Kafin a yi maganar shago mai hawa a nemo wa manyan motocin nan hanyarsu daban da wurin kwanansu daban.

Maman Khalifa:
Amin ya Allah. Akwai 'yar rumfarmu da ta rasa ɗa a wurin.

Ɗan Kwamba:
Allah ya gafarta musu. To jama'a, na sha ruwan duwatsu yau 😅 Na janye maganar rushe kasuwa, Hajiya ki yafe wa ƙanenki. Amma ban janye duka ba. Har yanzu ina nan a kan cewa akwai wurare biyu ko uku a cikin gari da titi ya shaƙe saboda an ci hanya da gini, kuma ko Injiniya ya ƙi ko ya so sai an taɓa su. Sannan gari na buƙatar wuri ɗaya da mutum zai zauna da iyalinsa da yamma ba tare da babur ya taka shi ba. Filin ƙofar fada da ake hawan Sallah, me zai hana a gyara kewayensa, a dasa itatuwa, a sa fitila da allunan tarihin da Baba ya ba mu?

Injiniya Bakin Iku:
Wanda ya ci hanya daban, wanda ya gaji gidan kakansa daban. Na farkon ban hana a taɓa shi ba, in dai za a fara da mai bene kafin mai rumfar kwano.

Maman Khalifa:
Wannan "in dai" ɗin taka Injiniya, tun ina budurwa nake jiran ta.

Malam Akawu:
Ni dai na ba da aikin gida. Zauren nan mun haura mutum ɗari biyu, na tabbata rabi a Abuja suke aiki. Kowa ya duba inda harajinsa yake zuwa ya rubuto nan, ba sai ya faɗi albashinsa ba, "Neja" ko "Abuja" kawai. Wanda yake son gyarawa zan tura masa samfurin wasiƙar da na rubuta wa ofishinmu.

Auta:
Mu marasa albashi fa Malam, me za mu rubuta?

Baba Mai Ritaya:
Kai Auta aikinka daban. Ranar Asabar bayan La'asar ka zo gida da wayarka mai kyamara. Akwai ragowar ganuwa da na sani a bayan wasu gidaje, zan nuna maka ka ɗauka kafin mai wurin ya zuba kankare. Ɗan Gbagyi, in kana da sarari ka zo mu tafi tare, akwai sunayen wuraren da kai za ka fi ni sanin asalinsu.

Ɗan Gbagyi na Gauraka:
In sha Allah Baba, zan zo da babur.

Ɗan Kwamba:
Na duba tawa yanzu. Abuja.

Direban Suleja-Berger:
Mota ta cika, sai na sauke a Berger zan karanta sauran.